Bugun Kai da Fargabar Taɓuwar Ƙwaƙwalwa: Bayani Daga Ƙasar Dosara da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalinmu ga rubuta wannan takarda shi ne wata tambaya da muka sha ji daga bakin iyaye da ɗalibanmu duk sa'ad da muka fita duba gwajin koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara. Tambayar kuwa ita ce, shin ɗan bugun da yaro kan samu a ka, kamar ya faɗo daga kan gado, ko ya yi karo da ƙofa, ko malami ya yi masa ranƙwashi, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya zama daƙiƙi?

A wani ƙauye kusa da Dosara wata baiwar Allah ta taɓa tare mu a bakin makaranta, riƙe da hannun ɗanta mai kimanin shekara tara. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Malam, yaron nan tun ranar da ya faɗo daga amalanke yana ɗan shekara uku na san ba zai yi karatu ba. Ni na ɗora shi, alhakinsa yana wuyana." Muka tambaye ta ko ya suma a ranar, ko ya yi amai, ta ce a'a, kuka kawai ya yi, ƙulu ya fito masa a goshi, ya kuma ci tuwonsa da dare. Shekara shida ke nan tana ɗauke da wannan nauyi a zuci, har ta fara tunanin cire shi daga makaranta.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana yadda ƙwaƙwalwa take a tsare cikin kai, mu rarrabe tsakanin bugun da ba ya da illa da wanda ke bukatar a garzaya asibiti, mu nuna yadda fargaba kanta take haifar da ciwo, sa'an nan mu juya ga abubuwan da suke cin ƙwaƙwalwar yaranmu da gaske a wannan yanki.

2.0 Tushen Fargabar

Fargabar nan tana da saiwa cikin harshenmu da al'adarmu. Bahaushe yakan ce wane "kansa ya taɓu" ko yana da "taɓin ƙwaƙwalwa" idan hankalinsa ya raunana, watau kalmar da muke kiran ciwon da ita tana nuna kamar taɓawa kaɗai ta isa ta jawo shi. Haka nan kowace uwa ta san maɗigar jariri, wurin nan mai taushi a tsakar ka wanda ake ganin yana motsi, kuma tun tana yarinya aka gargaɗe ta kada ta kuskura ta danna shi. Daɗin daɗawa, babu garin da ba a san wani wanda ya yi hatsarin babur ya tashi da farfaɗiya ko mantuwa ba. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A zamanin nan kuma an sami ƙari, domin wayar hannu tana kawo wa matasa labarin 'yan dambe da 'yan ƙwallon ƙasashen waje waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Mun ga ɗalibi a kwalejinmu wanda ya bugi kansa da tagar aji, ya kwana uku yana gwada kansa da lissafi don ya ga ko basirarsa ta ragu.

Akwai kuma dalilin da ya sa batun nan ya fi nauyi a wannan yanki. Rashin tsaro ya sa tafiyar dare a hanyoyin ƙauyukan Maradun da Bakura ta zama kasada. Uban da ɗansa ya faɗi bayan magariba tilas ya auna abu biyu: ko ya kwana da yaron a gida, ko ya ɗauke shi a babur zuwa Talata Mafara cikin duhu. In ya fita ba bisa dalili ba ya sa rayuka cikin haɗari, in kuwa ya zauna alhali yaron yana zubar da jini a cikin ka, ya yi asarar da ba ta da gyara. Saboda haka sanin bambanci ya zama wajibi.

3.0 Yadda Ƙwaƙwalwa Take a Tsare

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce nauyin kilo ɗaya da rabi ba, kuma taushi gare ta ƙwarai, amma Allah cikin hikimarsa ya kewaye ta da garkuwa hawa-hawa. Daga waje akwai gashi da fatar kai mai kauri. Ƙarƙashinta akwai ƙoƙon kai, wanda zagayensa yake sa ƙarfin bugu ya watsu maimakon ya taru a wuri guda. Cikin ƙoƙon akwai tantani uku, na farkonsu mai tauri kamar jemammiyar fata. Tsakanin na biyu da na uku akwai wani ruwa garai-garai, wanda duka-duka ya kai kimanin mililita 150 a jikin baligi, kuma a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take kamar tana iyo.

Wannan ya bayyana mana abubuwa biyu da suka fi tayar wa iyaye hankali. Na farko shi ne ƙulu. Fatar kai tana da jijiyoyin jini masu yawa, to idan aka buge ta sai jini ya taru tsakaninta da ƙashi, tun da ba shi da wurin shiga ciki sai ya kumburo waje. Ƙulun goshi, ko da ya yi girman ƙwai, a bayan ƙashi yake. Na biyu shi ne rotse, wanda yakan zubar da jini har ya jiƙa riga, alhali sau da yawa fata ce kaɗai ta tsage.

Ita kuwa maɗiga, a rufe take da tantani mai ƙarfi, wanka ko shafa mai ko taɓawa ta yau da kullum ba sa cutar da ita, kuma takan haɗe kafin yaro ya cika shekara biyu. Idan maɗiga ta faɗa ciki, galibi alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki saboda gudawa ko amai, maganinta ruwan gishiri da sukari da zuwa asibiti. Idan kuwa ta kumbura ta yi tauri, ko bayan faɗuwa ko tare da zazzaɓi, to wannan abin gaggawa ne.

4.0 Matakan Bugun Kai

Domin sauƙin fahimta za mu kasa bugun kai gida uku. Kashi na farko shi ne ɗan bugu, wanda mutum zai ji zafi, yaro ya yi kuka nan take, daga baya ya koma wasansa ba tare da suma ko ruɗewa ba. Irin wannan, kamar karo da ƙyaure ko da reshen bishiya, ƙarfinsa yana ƙarewa ne a fata da ƙashi.

Kashi na biyu shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, watau bugun ya yi ƙarfin da zai sa ƙwaƙwalwa ta motsa cikin ƙoƙonta, aikinta ya hargitse na ɗan lokaci. Mutum yakan ji jiri da ciwon kai da tashin zuciya, ko ya manta abin da ya faru, wani ma yakan suma na ɗan ƙanƙanen lokaci. Mafi yawan manya sukan warware cikin mako biyu, mafi yawan yara kuwa cikin mako huɗu.

Kashi na uku shi ne mummunan rauni, inda ƙashi ya fashe, ko jini ya taru cikin ka, ko ƙwaƙwalwar kanta ta ƙuje. A shekarar 1974 wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'aunin da har yau ake amfani da shi a asibitoci. Ana duba buɗe ido da magana da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Mai maki 13 zuwa 15 rauninsa mai sauƙi ne, mai 8 zuwa ƙasa kuwa yana cikin mawuyacin hali.

To yaya yawan kowane kashi yake? A shekarar 2009 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 25 na Amurka a kan yara 42,412 da aka kawo saboda bugun kai, suna cikin hayyacinsu ko kusa da haka. Daga cikinsu 376 ne aka samu da rauni mai muhimmanci a ƙwaƙwalwa, watau ƙasa da ɗaya cikin ɗari, kuma 60 ne kaɗai suka bukaci tiyata. Abin lura shi ne masu binciken ba su ma sa yaran da suka yi tuntuɓe suka faɗi ko suka yi karo da bango ba tare da wata alama ba cikin lissafin, saboda sun ɗauki irin wannan a matsayin abin da bai kai a damu ba.

5.0 Alamomin da Ba a Jira da Su

Ko da yake mummunan rauni kaɗan ne, yana faruwa, kuma jinkiri ne yake kisa. Akwai wata jijiyar jini da ta ratsa ƙarƙashin ƙashin gefen kai, sama da kunne, inda ƙashin ya fi sirantaka. Idan dutse ko sanda ta fasa wurin, mutum yana iya tashi ya yi magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i jinin da ke taruwa ya danne ƙwaƙwalwa, ya fita hayyacinsa. Don haka lalle ne a sa ido a kan wanda ya bugu har kwana biyu, a kuma kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) suma, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar;
(b) amai fiye da sau ɗaya;
(c) ciwon kai mai ƙaruwa;
(d) jijjiga irin ta farfaɗiya;
(e) ruɗewa, ko sarƙewar harshe, ko sauyin hali;
(f) mutuwar hannu ko ƙafa, ko tangaɗi wajen tafiya;
(g) jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, ko baƙi ya kewaye idanu ko bayan kunne;
(h) gani biyu-biyu, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa;
(i) jariri ya ƙi nono, ko ya yi ta kuka ba rarrashi, ko ya sami kumburi a gefe ko ƙeya.

Yanayin faɗuwar ma abin dubawa ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba in ya faɗo daga tsawon da ya wuce ƙafa uku, ko babban yaro daga abin da ya wuce ƙafa biyar, ko aka yi hatsarin babur, ko doki ko sa ya harbi mutum a ka, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi ko da babu alama. Wanda ke kukan wuya bayan faɗuwa kada a ɗaga shi a lanƙwashe.

Mutum iri biyu ne ƙa'idar ɗan bugu ba ta hau kansu sosai ba. Na farko tsofaffi, musamman masu shan maganin tsinka jini, domin jijiyoyinsu sukan tsinke da bugu kaɗan, jini ya riƙa ɗiga a hankali, sai bayan makonni a ga dattijo ya fara mantuwa ko jan ƙafa, a ce tsufa ne ko shanyewar jiki, alhali ƙaramar tiyata tana iya warkar da shi. Na biyu jarirai 'yan watanni, waɗanda ko ba a buge su ba, girgiza su da ƙarfi cikin fushi yana iya kashe su ko ya makantar da su.

Ga mutanen wannan yanki, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Talata Mafara, daga nan a tura mai tsanani Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Idan kuwa babu ko ɗaya cikin alamomin nan, sai a ɗora tsumma mai sanyi a kan ƙulun, a ba da farasitamol, a bar yaro ya yi barcinsa ana leƙa shi. Gasa wurin da ruwan zafi, ko murza shi, ko kai shi wurin wanzami a tsaga, duk ƙara ciwo suke yi. Hoton kai na na'ura kuwa ba a yi wa kowa, domin yana da tsada, kuma haskensa ba abin da za a yi ta jefa yaro ciki ba ne sai da dalili.

6.0 Fargaba Ita Ma Ciwo Ce

A shekarar 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Wiley Mittenberg, tare da abokan aikinsa, suka tambayi mutanen da ba su taɓa samun raunin kai ba su ƙaddara cewa sun yi hatsari, su faɗi abin da suke zaton za su ji bayan watanni. Abin da suka lissafa, watau ciwon kai da mantuwa da gajiya da saurin fushi, ya yi kama ƙwarai da abin da masu raunin na gaske suke kuka da shi. Kuma aka lura masu raunin sukan manta cewa suna da irin waɗannan matsaloli tun kafin hatsarin.

Hanyar da abin yake bi a fili take. Kowane mai rai yakan manta inda ya ajiye makulli, yakan kuma tashi da ciwon kai. Amma wanda ya bugu kuma ya tsorata, sai ya riƙa sauraren jikinsa dare da rana, kowace mantuwa ta zama hujja. Tsoron ya hana shi barci, rashin barci ya rage masa natsuwa, rashin natsuwa ya ƙara masa mantuwa, mantuwar ta ƙara tsoron. Ciwon da yake ji gaskiya ne, amma abin da ke rura shi damuwa ce. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2007, ya nuna cewa waɗanda tun da fari suka gaskata rauninsu zai lalata musu rayuwa sun fi daɗewa da alamomin. A Ostareliya kuma aka gwada ba yara da iyayensu ɗan littafin bayani mako guda bayan rauni, sai aka ga bayan wata uku sun fi waɗanda ba a ba su ba samun sauƙi. Ashe bayani kansa magani ne.

A nan ne abin ya shafe mu malamai. Yaron da uwarsa take faɗa a gabansa cewa kansa ya taɓu, malaminsa ma ya ji ya yarda, to an riga an yanke masa hukunci. Za a daina tambayarsa a aji, shi ma ya daina ƙoƙari, daga ƙarshe faɗuwarsa a jarrabawa ta zama shaidar abin da aka faɗa.

7.0 Dambe da Ranƙwashi

Kada a fahimce mu da cewa kai abin wasa ne. Ƙasar Mafara gidan dambe ce, kuma duk wanda ya san waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago ya san matsayin wannan wasa a wurinmu. A dambe manufa ita ce a kai abokin karo ƙasa, abin da ake kira kisa, kuma hannun da aka naɗe da zare galibi kai yake nema. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben Turawa suke kamuwa da rawar jiki da tangaɗi da raunin tunani. A 2005 kuma likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, ya buga bayanin irin wannan lalacewa da ya gano a ƙwaƙwalwar wani marigayi ɗan ƙwallon Amurka. Amma abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne dubban bugu masu ƙarfi cikin shekaru masu yawa. Kuskure ne a ɗauki hukuncinsu a ɗora wa yaron da ya yi karo da ƙofa sau biyu. Darasin da ya dace a ɗauka shi ne, ɗan damben da ya suma ko ya ruɗe kada ya sake shiga fage a ranar, kuma kada ya koma sai ya warware sarai, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba ya fi na farko haɗari.

Ranƙwashi kuwa, ƙarfinsa bai kai ya ratsa ƙoƙon kai ba. Duk da haka muna kira ga malamai su bar shi, tare da dukan kai da sanda ko allo ko mari a kunne, wanda yakan fasa dodon kunne. Yaron da yake jiran ranƙwashi hankalinsa yana kan hannun malami, ba ya kan darasi.

8.0 An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Idan muna neman abin da yake raunana ƙwaƙwalwar yara a Zamfara, ba sai mun yi nisa ba. A farkon shekarar 2010 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta gano yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalili shi ne dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani, kuma garin Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Dalma ba ta fitar da ƙulu, ba ta zubar da jini, amma tana rage basira har abada, kuma masana sun ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira mara illa. Wani tozalin ma da ake ranɓaɗa wa jarirai yana ɗauke da ita.

Na biyu shi ne sanƙarau. A annobar ƙarshen 2016 zuwa 2017 an ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha shan wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wannan sanƙarau yakan saura da nakasa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko wahalar koyo. Na uku zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, wanda ya fi kamari da damina da kuma wuraren noman rani irin na madatsar Bakolori. Na huɗu tamowa da ƙarancin jini a shekarun farko. Na biyar firgici: yaron da ya ji ƙarar bindiga da dare, ko ya san labarin ɗalibai 73 da aka sace a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba, 2021, da wuya ya tattara hankalinsa a aji. A cikin bugun kai kansa kuwa, babur ne babban mai laifi. An tilasta sa hular kwano a Nijeriya tun Janairun 2009, kuma bincike ya nuna tana rage mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuwa da kusan kashi 70, amma duk wanda ya je kasuwar Talatar Mafara ya san 'yan kabu-kabu nawa ne suke sa ta.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, a sa alamomin haɗarin nan tara cikin darasin kiwon lafiya na kwalejojin horon malamai, a kuma rubuta su da Hausa, da boko da ajami, a manna a makarantu da asibitocin karkara. Na biyu, malamin da ya ga yaro yana ja da baya ya fara bincika jinsa da ganinsa da abincinsa da zuwansa makaranta da tarihin zazzaɓinsa kafin ya yarda da labarin faɗuwa. Na uku, shugabannin 'yan dambe da na 'yan kabu-kabu su kafa wa mutanensu doka a kan hutu bayan suma da kuma hular kwano. Na huɗu, iyaye su mai da himmarsu ga allurar rigakafi da gidan sauro da nisanta yara daga wuraren niƙa dutse.

Yaron nan da muka ambata a farko, da muka sa shi a gaban aji muka yi masa magana daga bayansa, sai muka lura ba ya juyowa. Uwar ta tuna cewa kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa tun yana ƙarami. Muka ba ta shawara ta kai shi a duba kunnen, muka kuma roƙi malaminsa ya mai da shi layin gaba. Muka ce mata, "Baba, amalanken nan ba shi ya hana shi karatu ba, ki sauke wannan nauyi daga zuciyarki." Allah ya sa mu dace.